Yadda Ake Zaɓen Jakar Babbar Kyamara da Dogayen Lensi Don Tafiya

Wata shekara na taso daga Birnin Kebbi zan je Yawuri ɗaukar hotunan wani ɗaurin aure. Kyamarata da dogon lensina suna cikin wata jakar makaranta da na cusa wa tawul biyu, ina ganin ai hakan ya wadatar. Motar haya ce, ta cika maƙil, sai direba ya ce in kawo jakar a sa a but. Na miƙa. Da muka tsaya a Jega aka ƙara fasinja da kayansa, aka ɗora buhun albasa a kan jakar ban sani ba. Ko da muka sauka na buɗe, sai na tarar bakin da lensi ke haɗuwa da kyamara ya ɗan karkace. Babu abin da ya fashe a ido, amma daga ranar duk hoton da na ɗauka gefensa ɗaya ba ya fita tas. Aikin wata biyu na yi kafin in haɗa kuɗin gyara. Da na kai wa maigidana da ya koya mini sana'a, ya juya lensin a hannunsa ya ce, "Yaro, ka sayi doki ka bar shi ba turke." Tun daga nan nake kallon jaka a matsayin kayan aiki, daidai da kyamarar kanta.

Abin da zan bayyana a nan na masu manyan kaya ne, irin su Canon 5D ko Nikon D850 da lensi mai tsawo, masu zuwa Argungu lokacin bikin kamun kifi, ko Rigata a Yawuri, ko Uhola a Zuru, ko hawan sallah a Gwandu, ko kuma bin bukukuwa ƙauye-ƙauye. Mai ƙaramar kyamara zai iya tsallake rabin bayanin.

Fara da tef ɗin tela da sikeli, kada ka fara da kasuwa

Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga jaka ta burge shi a shago ko a hoton waya, ya biya, ya zo gida ya tarar kayansa sun ƙi shiga. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan ido kaɗai yana yaudara. Ka shimfiɗa tabarma, ka jera duk abin da kake tafiya da shi in aiki ya taso: kyamara, lensi, fitilar filas, batura, caja, memori, kwamfutar cinya in kana gyaran hoto a hanya. Ka ware abin da ka yi wata shida ba ka taɓa ba, wannan na gida ne. Sauran ka auna su da tef ɗin tela, ka rubuta a takarda.

Awo uku ne suke yanke hukunci. Na farko tsawon lensinka mafi tsawo yana ɗaure a jikin kyamara. Lensi mai 70-200 da buɗewar 2.8 (lambobin farko na nuna yadda yake jawo abu daga nesa, ta ƙarshe kuma yawan hasken da yake shigarwa), wanda kusan duk mai ɗaukar hoton biki ke burin mallaka, tsawonsa kusan santimita 20 ne, in an ɗaura shi a kyamara ya kai wajen 28. Mai 150-600, irin wanda ake ɗauko masunta da shi daga nesa, shi kaɗai ya kai santimita 26, da kyamara kuwa ya haura 30. Na biyu tsayin kyamarar. Kyamara zalla ba ta wuce santimita 12 zuwa 13, amma in ka ɗaura mata gidan ƙarin batir a ƙasa, ko kana da babbar kyamara irin Canon 1DX, ta kai wajen 16. Jakunkuna da yawa zurfinsu bai kai haka ba, sai ka ga zif yana rufuwa da ƙyar yana danne kan kyamara. Duk bugun da jakar ta sha, kai tsaye kyamara ce ta sha shi. Na uku faɗin malfar lensi, wato wannan robar da ke kare shi daga hasken rana. Ana juya ta a kifa a jikin lensi in za a ajiye, kuma ta fi lensin faɗi, don haka da ita za ka auna.

In kana duba bayanin jaka, awon ciki za ka nema. Masu talla sun fi son faɗin awon waje domin ya fi girma a takarda, alhali soson da ke bango yana cinye santimita biyu zuwa uku ta kowane gefe.

Sai nauyi. Canon 5D Mark IV da batirinta ta kusa giram 900, D850 ta ɗan haura kilo ɗaya. Lensin 70-200 kusan kilo ɗaya da rabi ne, 24-70 kuma wajen giram 800. Ka ƙara kyamara ta biyu, da filas, da batura, da kwamfuta, da ita kanta jakar wadda babu komai cikinta ma takan kai kilo biyu. Kafin ka ankara kana goye da kilo takwas zuwa tara. Ka kai kayan wurin mai sikeli ka tabbatar, domin wannan adadi shi zai gaya maka irin jakar da ƙafadarka za ta iya da ita, shi ne kuma za a tambaye ka a filin jirgi.

Wace irin tafiya kake yi?

Ka zauna ka tuna tafiye-tafiyenka goma na baya. Nawa ne a motar haya, nawa a kan kabu-kabu, nawa ka shiga kwale-kwale, nawa ka yi doguwar tafiyar ƙasa cikin rairayi? Amsar ita ce za ta zaɓa maka tsakanin nau'i huɗu.

Jakar ratayawa a kafaɗa ɗaya tana da saurin ciro kyamara, ta dace da aikin cikin gari na awa biyu ko uku. Amma da zarar kaya sun wuce kilo huɗu, wuni ɗaya ya isa ya karkatar maka da wuya. Ban ba mai dogon lensi shawarar ya mai da ita jakar tafiya ba.

Jaka mai taya ta filin jirgi da otal ce. A kan kwalta da siminti tana da daɗi, amma a rairayin bakin Matan Fada, kogin da ake bikin kamun kifi a Argungu, ko lungunan ƙauye sai ka koma ɗaukarta a ka. Ga shi tayoyin suna isar da kowane karo da tsakuwa zuwa cikin kayan.

Akwatin roba mai tauri, irin na Pelican, shi ne sarkin kariya. Yana da zoben roba a bakin murfi da ke hana ruwa da ƙura shiga, kuma ko buhu aka ɗora masa ba abin da zai same shi. Samfurinsu mai lamba 1510 an yi shi ne daidai girman kayan hannu na jirgi. Matsalarsa nauyi, domin shi kaɗai ya haura kilo biyar. Wanda ke da mota, ko mai aikin bidiyo da yaran aiki, ko wanda dole kayansa su shiga but, wannan ne nasa.

Ga mafi yawanmu kuwa, jakar goyo ce amsa. Tana raba nauyi a kafaɗa biyu da ƙugu, tana barin hannuwa biyu su kama ƙarfen babur ko gefen jirgin ruwa. A kanta zan tsawaita.

Ta ina take buɗewa?

Wannan tambaya ce da mutane ba sa yi, kuma ni a wurina ta fi launi da suna muhimmanci. Akwai mai buɗewa ta gaba, akwai ta gefe, akwai wadda zif ɗinta ke ɓangaren da ke manne da bayanka.

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada ranar babban kamun kifi ya san abin da nake nufi. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali, saboda haka jama'a ake tarawa ba kaɗan ba. Da an buga bindiga, dubban masunta su kwasa a guje da homa da gora, ƙura ta turnuƙe, 'yan kallo su yi ta turereniya, kai kuma idonka na cikin kyamara. A wannan lokaci ba ka san abin da ke faruwa a bayanka ba. In zif ɗin jakarka yana waje, kowa na iya zuge shi. In yana manne da bayanka, sai an sauke jakar daga bayanka tukuna. Amfani na biyu shi ne, in za ka buɗe irin wannan jaka, fuskarta kake kwantarwa a ƙasa, ɓangaren da ke taɓa rigarka yana sama. Ba za ka tashi da taɓo ko ƙasa a bayan farar riga ba, alhali daga nan gidan biki za ka wuce.

In ka samu wadda ta haɗa buɗewar baya da 'yar ƙofa a gefe, ta yadda za ka sauke hannu ɗaya ka juyo da ita ka zaro kyamara, ta fi. Sai dai ka gwada ƙofar da kyamararka, domin sau da yawa mai gidan ƙarin batir ba ta fita ta nan.

Abin da za ka taɓa da hannunka kafin ka biya

Ka danna bangon jakar da babban yatsa da ƙarfi. In ka ji yatsan ya isa ɗaya gefen cikin sauƙi, soson katifa ne a ciki, ba zai tare bugu ba, yana shan ruwa, kuma bayan shekara guda yakan fara rududdugewa ya zama gari ya shiga lensi. Soso mai kyau yana da tauri kamar robar silifas, yana lotsawa kaɗan ya dawo. Ka fi matsa wa gindin jakar bincike, domin nan ne ke fara dukan ƙasa duk lokacin da ka sauke ta.

Shamakan ciki, waɗanda ake cirewa a sake maƙalawa, su zama masu kauri kuma da yawa. Ka ɓanɓare ɗaya ka ji ko yana riƙewa da ƙarfi. In ya saki da sauƙi tun yana sabo, to a kan hanyar Koko zuwa Zuru lensi biyu za su haɗu su yi ta gogar juna. Cikin jakar kuma ya zama mai haske, ruwan toka ko ruwan lemo. Murfin lensi baƙi ne, batir baƙi, memori baƙi. In cikin jaka ma baƙi ne, bayan magariba sai ka kunna fitilar waya kana lalube.

Zif shi ne abin da ke fara mutuwa a jaka a ƙasarmu, saboda ƙurar hunturu tana shiga haƙoransa ta cinye su. Ka nemi mai manyan haƙora, mai kai biyu da za a iya haɗawa a sa ɗan kwado. In ka ga an rubuta YKK, sunan wani kamfanin zif, a kan zif ɗin, alama ce mai kyau, ko da yake shi ma ana yin jabunsa. Ka zuge shi sau goma, musamman a kwana. Wanda ke da leɓen yadi da ya rufe shi daga sama ya fi tare ƙura da yayyafi.

Daga nan ka juya jakar ka duba inda hannuwan goyo suka haɗu da jiki. Ɗinki ya zama an maimaita shi, an yi masa akwati da gicciye. Ka kama hannun ka fizga. Mai shago ba zai ji daɗi ba, amma gara ya tsinke a gabansa da ya tsinke a kan babur.

Bel ɗin ƙugu ba ado ba ne. A jaka mai nauyi, ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan kaya, kafaɗa ta riƙe daidaito kawai. Siririyar igiya ba ta yin wannan aiki, sai mai faɗi mai soso da ke zama a kan ƙashin ƙugu. Ka duba kuma akwai ƙaramin maɗauri na ƙirji. Tsawon jakar ya dace da tsawon bayanka: in bel yana sauka a cinya ko yana hawa ciki, ba taka ba ce. 'Yan'uwa mata da ke aikin hoto a ɓangaren mata na gidajen biki su kula da wannan sosai, domin yawancin manyan jakunkuna an yanka su ne a kan dogon baya. Bayan jakar ya kasance da raga da hanyar iska. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, kuma gumin da ya jiƙa baya yana iya ratsawa ciki.

Rigar ruwa, wato ledar da ake lulluɓe jaka da ita, wasu jakunkuna suna zuwa da ita a ɓoye a aljihun ƙasa. Kamfanin Lowepro yana sa haruffan AW a sunan irin waɗannan. Turawa don ruwan sama suka yi ta, mu kuwa ta fi yi mana aiki daga Disamba zuwa Fabrairu. In zan hau babur a hanyar da ba kwalta, sai na lulluɓe jakar ko da sama tas take. In na isa in kaɗe ledar, zif ya tsira.

Sabuwa, gwanjo, ko ɗinkin gida

Sunayen da aka sani da inganci su ne Lowepro, Think Tank, Manfrotto, Vanguard da Tamrac. Manyan samfurinsu ba kasafai ake tarar da su a kasuwannin nan kusa ba, yawanci sai an aika Kano ko Abuja ko Legas, ko a saya ta intanet. In za ka saya daga nesa, ka sa mai sayarwa ya ɗora tef a cikin jakar ya ɗauko maka bidiyo, tsawo da faɗi da zurfi, ka gwada da takardar awonka. Ku yi magana a kan mayarwa tun kafin ka tura kuɗi. In ka ga babban suna da farashin da ya yi araha fiye da hankali, jabu ce.

Gwanjo na asali ya fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, kuma jakar da nake amfani da ita yanzu gwanjo ce. Amma akwai abu ɗaya da ba a sassauci a kansa. Ka cusa hancinka ciki ka shaƙa. In ka ji warin fumfuna, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba bayan damina, ka ajiye ta ko kyauta ce. Fumfunar nan tana kama gilashin lensi, ta yi masa zane kamar saƙar gizo-gizo daga ciki, in ta daɗe kuma ta ci fentin gilashin har abada. Wadda ba ta wari ma, ka cire shamakanta ka goge, ka shanya ta a rana wuni biyu kafin kyamara ta shiga.

Wanda kuɗinsa bai kai ba yana da hanya. Ana sayar da akwatin soso zalla mai shamakai, wanda ake zurawa cikin kowace jaka mai ƙarfi. Ni kuma na taɓa kai wa wani dattijo mai ɗinkin jaka awona da robar da na saya, na ce, "Baba, so nake ka yi mini ɗaki-ɗaki, kowane da bangonsa." Ya karɓi lensin ya jinjina nauyinsa ya ce, "Ɗana, wannan ai sai an ninka gindin." Ya ninka, ya lulluɓe da yadi mai laushi marar gashi, ya yi mini shekara uku. Wannan dabara tana da wani amfani: tsohuwar jakar da ba ta da sunan kamfanin kyamara a goshi ba ta jan ido a tasha. Ko babbar jaka ka saya, ba laifi ka rufe tambarin da baƙin tef.

Gwajin ƙarshe da yadda ake shirya kaya

In da hali, ka je da kayanka wurin saye, ko ka yi gwajin ranar da jakar ta iso. Abu mafi nauyi ya zauna kusa da bayanka kuma wajen tsakiya ko ƙasa, masu sauƙi a sama da gefe. Kowane abu da ɗakinsa, kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Ka rufe zif ba tare da ka danna da gwiwa ba. Ka ɗaga jakar ka girgiza kusa da kunne. In ka ji ƙwas-ƙwas, akwai abin da ke yawo, ka matse shamaki ko ka cike gurbin da tsumma mai tsabta. Sannan ka goya ta, ka ɗaure ƙugu da ƙirji, ka yi tafiyar minti goma sha biyar, ka sunkuya, ka tsuguna, ka hau matakala. Ciwon da jaka za ta sa maka a wuni yakan fara nuna kansa a wannan ɗan lokaci. Ka bar gurbin lensi ɗaya babu komai, domin mai sana'a ba ya rasa ƙarin kaya, amma kada ka sayi wadda ta ninka buƙatarka, domin za ka cika ta da abin da ba ka amfani da shi.

Akwai tambayar da yara masu koyo ke yawan yi mini: a bar dogon lensi a ɗaure da kyamara cikin jaka, ko a raba su? Amsar tana da fuska biyu, kuma dole ka riƙe duka. A kan doguwar hanya mai gargada, ka raba su, kowanne da murfinsa. Lensi mai kilo ɗaya da rabi in yana ɗaure, duk ramin da mota ta faɗa bakin haɗin ne ke ɗaukar nauyin, abin da ya same ni ke nan a hanyar Yawuri. Amma kuma canza lensi a fili cikin ƙura yana zuba datti a kan sensa, wato farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, sai ka ga ɗigo-ɗigo a sararin samaniyar kowane hoto. Saboda haka in ka isa masauki, ko cikin mota da gilashi a rufe, ka haɗa su a can, bakin kyamara yana kallon ƙasa, sannan ka fita fili. Ma'ana jakarka dole ta iya ɗaukar tsarin biyu, a rabe da a haɗe. Shi ya sa tun farko na ce ka auna lensin yana ɗaure.

Sitan mai ƙafa uku, wanda ake ɗora kyamara a kai, yana tafiya a wajen jaka, a tsaye, da maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In a gefe ka ɗaura shi, ka sa gorar ruwa a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Ruwan sha, turare, man shafawa da abinci kada su taɓa kwana ɗaki ɗaya da kyamara. Memori ka sa su a 'yar jakarsu cikin aljihun rigarka, domin kyamara in ta salwanta ana sayen wata, hoton ɗaurin auren mutane kuwa ba a sake ɗaukarsa.

A kan hanya

A motar haya jakar tana kan cinyarka. In direba ya matsa, ka ce masa da girmamawa, "Direba, gilashi ne a ciki, ka yi haƙuri." In kaya sun yi yawa, gara ka biya kuɗin kujera biyu. Kada ka bar ta cikin mota a rufe a rana, ko a ƙasan mota inda zafin inji ke tasowa, domin zafi yana lalata batura yana kuma narkar da man da ke cikin lensi. A shingen jami'an tsaro, jakar da ke buɗewa gaba ɗaya tana rage maka dogon bayani, an ga komai a kallo ɗaya. Ka ajiye katin shaidarka a aljihun da hannu ke saurin kaiwa.

A kan kabu-kabu ka ɗaure bel ɗin ƙugu tamau don kada jakar ta riƙa dukan bayanka, kuma kada ƙafar sitan ta leƙo gefe ta kamo wani abin hawa.

Ruwa kuwa sai an yi masa shiri na daban. Rigar ruwa tana tare ruwan sama ne kawai, ba ta hana komai in jaka ta faɗa kogi. In za ka shiga kwale-kwale a Yawuri ko kowane mashigi na kogin Neja, ka nemi jakar roba mai naɗe baki, ka naɗe bakin sau uku ka maƙale, da ɗan iska a ciki don ta yi iyo. In babu, manyan ledoji biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, kowace da ƙullinta. Kuma don Allah, a cikin jirgi ka sauke jakar daga bayanka ka kwance bel ɗin. Mutum da kilo tara ɗaure a ƙugunsa ba ya iya iyo in jirgi ya kife. Ka ajiye ta tsakanin ƙafafunka a kan wani abu da ya ɗaga ta daga ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi, rigar kariya daga nutsewa kuma tana jikinka.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, abokin gaba shi ne laima, wato danshi. Ka riƙa tara 'yan ƙullin tsakuwar nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, masu shanye danshi, ka zuba biyar ko shida a jaka. In sun jima ka shanya su a rana mai ƙarfi ka mayar. In ka kwana a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, kada ka fito ka buɗe jaka nan take, gilashi zai yi gumi ciki da waje. Ka bar ta a rufe minti ashirin zuwa talatin ta saba da iskar waje. In ka dawo gida kuma ka fito da kayan su sha iska, jaka ta tafiya ce, ba ma'ajiyar wata da watanni ba.

Wanda zai tashi daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa zuwa Abuja ko Legas, ya san cewa kyamara da lensi kayan hannu ne, ba a ba da su a jefa cikin ɗakin kaya. Girman da yawancin kamfanoni ke karɓa bai wuce wajen santimita 55 a tsawo, 35 zuwa 40 a faɗi, da 20 zuwa 25 a kauri ba, nauyi kuma da yawa suna tsayawa a wajen kilo 7. Ka tambayi kamfanin da za ka bi tun kafin ranar tafiya. In nauyi ya wuce, ka rataya kyamarar a wuya, ka sa batura da caja a aljihu, sitan kuma ya bi akwatin tufafi. Baturan lithiyum da ba sa cikin na'ura doka ce su kasance tare da kai a cikin jirgi, kowanne a rufe bakinsa da murfi ko tef don kada ya haɗu da ƙarfe. Waɗanda ƙarfinsu bai wuce 100Wh ba (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa) ana wucewa da su, batirin kyamara irin na Canon LP-E6 kuwa bai kai 20 ba. Manyan baturan masu bidiyo da suka haura 100 har zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi, kuma biyu kawai ake bari. Ka duba lambar a jikin batirin tun a gida.

In ka sauka daga kowace tafiya, kafin ka buɗe zif ka goge bayan jakar da ɗanyen tsumma, ka bi haƙoran zif da tsohon buroshin haƙori. Sau ɗaya a wata ka fito da komai, ka cire shamakai, ka kifa jakar ka kaɗe ƙasar da ta taru a kusurwa. In zif ya fara tauri, ka goga masa kyandir kaɗan, kada ka sa masa mai, domin mai yana kama ƙura.